Bin Na Gaba da Haƙƙin Na Baya: Gandun Arewacin Kano a Madubin Koriya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta a tsakiyar damina, ko ya ratsa ta Dawanau ya miƙe zuwa Bichi, zai yi tafiya mai nisa idonsa bai sauka a kan daji ba. Gona ce ke bin gona. Gero ya fid da kai, dawa na biye da shi, wake ya yaɗu a ƙarƙashinsu, ga ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo nan da can, kowace bishiya da mai ita. Abin da ya raba gonar wane da ta wane bai wuce layin gamba ko 'yan itatuwan aguwa ba. Haka ƙasar take daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Makoɗa. Ko matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, cike ya tarar da kewayen birnin da gonaki da jama'a.

Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya shiga auna wannan yanki. Ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara, ba hutu, ba saura. Mutane da yawa sun yi zaton ƙasar da ake wa irin wannan aiki ta kusa gajiya. Binciken da aka ci gaba da yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa har cikin shekarun 1990 ya nuna abin da ya riƙe ta. Harawar wake da ta gyaɗa ana ciyar da tumaki da awaki a turke, takinsu ya koma gona. Jakuna su shiga birni da itace, su komo da mangalar shara.

Amma taki ba ya kai kansa gona. Sai an sami wanda zai tashi da asuba cikin sanyin hunturu ya loda mangala, ba don an biya shi ba, don dai mahaifinsa ya ce a yi. Ƙasar nan ta ɗauki wannan ɗimbin jama'a ne saboda akwai tsari a cikin gida: an san wanda ke magana, an san wanda ke saurare, kuma kowa ya san abin da ke wuyansa. Akwai wata ƙasa can gabashin Asiya da ta gina rayuwarta shekara 500 a kan tsari makamancin wannan, ta rubuta shi a doka, ta kai shi iyakar inda zai iya kaiwa, sannan cikin shekara 50 ta ga ƙauyukanta sun watse. Koriya ta Kudu ke nan, kuma labarinta ya cancanci manomin Bagwai ya ji shi.

Malamin da ya mallaki Koriya bai taɓa taka ta ba

Samarinmu da 'yan matanmu da ke kallon finafinan Koriya a waya, tun daga zamanin fim ɗin Jumong, sun sha ganin abubuwan da ba su ba su mamaki ba. Yaro ya rusuna wa babba. Ana miƙa wa dattijo abu da hannu biyu. Ba a sa hannu a abinci sai babba ya fara. Ƙani ba ya kiran yayansa da suna, matar aure kuma da sunan ɗanta ake kiranta, a ce maman wane. Tushen wannan ladabi koyarwar Konfushiyas ce, wani malamin ƙasar Sin da ya rayu daga shekara ta 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Bai ce an yi masa wahayi ba, bai kuma tsawaita magana a kan lahira ba. Damuwarsa ita ce yadda mutane za su zauna da juna. Almajiransa suka tattara zaman duniya cikin alaƙa biyar: sarki da talakansa, uba da ɗansa, miji da matarsa, babba da yaro, aboki da aboki. A asalin koyarwar kowace alaƙa fuska biyu gare ta. Ɗa zai yi biyayya, uba kuma zai yi tausayi ya ɗauki nauyi.

Koyarwar ta daɗe da shiga Koriya. An kafa makarantar koyar da ita a 372, an fara ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa a 958. Amma sai da daular Joson ta kafu a 1392 ta zama tsarin mulki ɗungurungum. Aka matsar da limaman Buda gefe, aka gina babbar makarantar Sungkyunkwan a birnin da yau ake kira Siyol a 1398. Wanda ke son muƙami sai ya haddace littattafan magabata ya ci jarrabawa, aka yi ta haka har 1894. A karkara malamai suka buɗe makarantun kwana, ta farko a 1543, tara daga cikinsu hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2019. Har yau hoton malam Yi Hwang ne a kan takardar won 1,000, na malam Yi I a kan ta 5,000, mahaifiyar Yi I, Shin Saimdang, a kan ta 50,000. Abin lura shi ne, a ƙidayar 2015 waɗanda suka ce Konfushiyanci ne addininsu ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba, fiye da rabin 'yan ƙasar ma sun ce ba su da addini. Duk da haka Kirista da ɗan Buda da marar addini, kowa idan ya haɗu da baƙo sai ya nemi sanin shekarunsa, domin harshen kansa ba ya barin ka yi wa babba magana irin ta sa'a.

Namu tushen daban ne, kuma dole a faɗi wannan a fili. Tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Bayan jihadin 1804, a nan Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam. Daga zaurukan birni karatu ya bazu zuwa tsangayoyin ƙauye: allo, sannan Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala. Bahaushen Dambatta yana bin iyayensa ne don Allah ya umarce shi, yana kuma tsoron tsinuwa yana kwaɗayin albarka. Bakoriye kuwa biyayyarsa takan kai ga shirya wa magabatan da suka mutu faifan abinci yana rusuna wa allunan sunayensu, abin da Musulmi ba zai yi ba. Mu sadaka da addu'a muke bin mamaci da su. Su ma can abin ya taɓa jawo zub da jini: a 1791 an kashe wani ɗan Katolika, Yun Ji-chung, saboda ya ƙona allunan magabatansa.

Amma idan aka sauko daga aƙida zuwa tsakar gida, kamannin sun yi yawa. Tsugunawa a gaida babba, cire takalmi kafin a wuce majalisar dattawa, kunyar ɗan fari, kunyar suruki, sakaya sunan yaron da ya ci sunan kakansa a kira shi Abba. Daga mai gida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, tsani ɗaya ne. Hausawa suka ce bin na gaba bin Allah. Su ne kuma suka ce babba juji ne. Karin magana na farko kowane uba ya haddace shi. Na biyun shi ne sharaɗin na farkon.

Gandu alkawari ne

A gandu, 'ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa mahaifinsu aiki a babbar gona daga safe zuwa azahar. Abin da aka girbe rumbun mai gida yake shiga. Shi kuma mai gida ya ciyar da kowa, ya sayi iri da fartanya, ya biya wa kowa haraji a lokacin da ake biyansa, ya yi wa ɗa auren fari, ya yanka ragon suna, ya kuma yankar masa gayauna inda zai noma abin kansa da yamma. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina sannan a Ɗorayi ta Kano a farkon shekarun 1970, ta lura cewa gandu ya fi ƙarfi a gidan mai wadatar gona. Talakan da ba shi da abin yanka wa ɗa gayauna, da wuya ya riƙe shi. Wato biyayyar nan da muke yabo tana da ƙafafun da take tsaye a kai, ƙafafun kuwa gona ce da rumbu.

Ƙafafun sun daɗe suna raunana. Gyaɗar da jirgin ƙasa ya fara kwasa bayan isowarsa Kano a 1911, wadda ta zama dala a birni ta zama kuɗin aure a ƙauye, farin 1973 da cutar da ta afka mata a 1975 sun karya ta. A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ya ɗauke yara daga gona da safe. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talaka ya huta, amma ɗaya daga cikin igiyoyin da suka ɗaure ɗa ga mahaifinsa ta tsinke. Sama da duka, ga rabon gado. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya shida sun raba, jikoki talatin suna jira. Yau saurayi a Kunci ko Tsanyawa ya san kadadar da zai gada ba za ta ciyar da shi wata huɗu ba. Sai ya tafi cirani, ya ja baro a Dawanau, ya tuƙa adaidaita sahu a birni, ko ya gangara Legas da Fatakwal. Da can cirani na rani ne, a dawo da saukar ruwa. Yanzu da yawa sai da salla ake ganinsu, noman kuma a turo kuɗi ta waya a biya 'yan ƙodago.

Koriya ta riga mu bin wannan hanya, kuma da gudu ta bi ta. A 1950 aka raba wa manoma gonakin manyan masu ƙasa, aka ƙayyade cewa gida ɗaya ba zai wuce kimanin hekta uku ba. Iyaye suka sayar da shanun huɗa suka kai 'ya'ya jami'a, domin tsohon imanin nan cewa jarrabawa ce ƙofar daraja bai mutu ba. Har gobe, ranar babbar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, ana dakatar da tashi da saukar jirage a lokacin gwajin sauraren Turanci. 'Ya'yan suka ci jarrabawa, suka shiga masana'antu, suka gina ƙasar da ke ƙera Samsung da Hyundai. Ba su koma gida ba. Mutanen ƙasar miliyan 51 ne, rabinsu yau a Siyol da kewayenta suke. A 2023 gidajen manoma suka faɗi ƙasa da miliyan ɗaya, fiye da rabin mutanen da ke cikinsu kuma sun kai shekara 65.

Rabon 'ya mace

Inda labarin ƙasashen biyu ya fi haɗuwa, kuma inda ya fi ciwo, shi ne gadon mata.

Kafin Konfushiyanci ya gama kama Koriya, 'ya mace tana cin gado daidai da namiji, ango ma yakan tare a gidan surukansa. Malam Yi I da kansa a gidan kakanninsa na wajen uwa aka haife shi, a Gangneung, kuma takardar rabon gadon gidansu ta 1566 tana nan: maza huɗu da mata uku, rabo kusan daidai. Sannu a hankali malamai suka sauya wannan. A 1477 aka yi dokar hana 'ya'yan bazawarar da ta sake aure shiga jarrabawar aikin sarki, wanda ya zama ɗaure mace da takaba har mutuwa. Daga tsakiyar ƙarni na 17 aka fara cewa tunda babban ɗa ne ke hidimar magabata, shi ya cancanci kaso mafi tsoka, 'ya mace kuwa ta gidan wasu ce. Wanda ba shi da ɗa namiji sai ya ɗauko ɗan ɗan'uwansa ya gaje shi, 'ya'yansa mata na kallo. Wannan tunani ya rayu har zamanin na'urar duba ciki: a 1990, a kan kowace jaririya 100 an haifi jarirai maza 116, saboda zub da cikin mata. Sai a 1991 doka ta daidaita gado, sai a 2008 aka soke rajistar da ke ba namiji shugabancin gida, wadda a ƙarƙashinta jika ɗan yaye kan zama shugaban kakarsa a takarda.

Mu Alƙur'ani ya yanke maganar tun farko. Suratun Nisa'i ta ba 'ya da uwa da matar aure kasonsu, ba da alfarmar kowa ba. Duk da haka a 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa macen da ta mallaki gida takan ƙi zaman aure ta shiga karuwanci. Shekara 31 hukuncin yana aiki. A 1954, ba da daɗewa da hawansa ba, Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, hujjarsa kuwa ita ce halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a Ungogo, ya bi diddigin wannan lamari a takardun kotu da bakin mutane.

Hukuncin ya tafi, ɗabi'ar ba ta gama tafiya ba. Wa bai san yadda ake yi ba? Mahaifi ya rasu, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, sai babban wa ya ce a bar gona a haɗe don kada zumunci ya lalace. Shi zai ci gaba da nomawa. Ƙanwar da ke aure a wani gari a aika mata da 'yan kwanukan gero bayan girbi, wata shekara a manta. In ta buɗe baki, a ce ba ta da kunya, za ta kai yayanta gaban alƙali. A nan ne ake ɗaukar kunya, wadda ado ce, a mai da ita takunkumi. Ni a ganina babu wurin da ake cin amanar tarbiyyarmu kamar nan, domin da sunan ladabi ake danne abin da Allah ya raba da kansa. Kuma abin ya ƙara zafi yanzu da birni ya ci Ungogo ya doshi Dawakin Tofa, gonar gero ta zama filayen awon igiya, kason da jiya ba a damu da shi ba yau kuɗinsa zai sayi gida.

Wa zai riƙe tsoho?

Tsofaffin Koriya na yau su ne suka yi wa iyayensu cikakkiyar biyayya, suka kuma ƙarar da abin hannunsu a kan karatun 'ya'ya, da tsammanin za a rama musu. Ba a rama ba yadda suka zata. A binciken hukumar ƙididdigar ƙasar, a 2002 kusan kashi 70 cikin 100 na mutane sun ce iyali ne ya kamata su riƙe iyaye tsofaffi. A 2022 masu wannan ra'ayi sun koma kusan kashi 20. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka haura 65 suna cikin talauci, adadi mafi muni a ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD. A titunan Siyol ana ganin tsofaffi suna tura amalanke suna tsintar kwali. Rusunawar tana nan, kalaman girmamawa suna nan, a bikin kaka na Cusok hanyoyi kan cushe da masu zuwa gaida iyaye. Kwana uku a watse.

Matan ƙasar kuma sun ba da tasu amsar. Macen da ta yi digiri, take aiki kamar namiji, amma aka ce girkin hidimar magabatan miji da renon yara da jinyar surukai duk nata ne, sai ta ƙi auren, ko ta yi auren ta ƙi haihuwa. A 1960 mace ɗaya takan haifi yara shida. A 2023 lissafin ya koma 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya. Manoman da suka rasa matan aure suka koma nemowa daga Biyetnam da Filifin. Su kansu malaman Sungkyunkwan a 2022 sun fito sun ce a rage kayan hidimar magabata, ba dole ne mata su wuni suna suya ba. Gyaran ya zo, amma a makare.

Abin da Koriya ta yi da ta ga ɗa ba zai iya riƙe uba shi kaɗai ba shi ne ta sa hukuma ta ɗauki wani kaso. Fanshon ƙasa ya fara a 1988, inshorar jinyar tsofaffi a 2008, sannan a 2014 aka kafa alawus na wata-wata ga kashi 70 cikin 100 na tsofaffi mafiya ƙarancin samu. Tana da kuɗin yin haka domin ta yi arziki kafin ta tsufa.

Mu matsalarmu ba ƙarancin haihuwa ba ce. Mace a Arewa maso Yamma har yanzu takan haifi kimanin shida, ƙauyukanmu cike suke da yara. Wannan ne ke rufe mana ido, mu ɗauka mai 'ya'ya goma ba zai wulaƙanta ba. Amma 'ya'ya goma da kowannensu ke fafutukar kwanon masara, tun bayan cire tallafin mai a 2023, ba su zama rumbu ba. Manomi ba shi da fansho. Tsohon da ya raba gonarsa ko ya jinginar da ita don aurar da 'ya'ya ba shi da abin da zai riƙe kowa da shi sai albarka. Tsohuwar da ba ta haihu ba, ko ta haifi mata zalla, ko aka sake ta da furfura, ita ce ta fi kowa shiga uku, kuma ita ce muke gani a bakin masallatan Juma'a na Bichi da Dambatta da ƙoƙo a hannu, ita ɗin da Sarki Sanusi ya yi magana a kanta a 1954.

Kayan gyara ba daga Siyol za a ɗauko su ba. Zakkar hatsi wajibi ce a kan wanda ya girbi nisabi, kuma ƙasar da ke da noman rani a Watari da Tomas da kasuwa irin Dawanau ba ta rasa masu nisabi ba. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Maƙwabciyarmu Jigawa ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, wanda ya nuna jiha na iya ɗaukar irin wannan nauyi in ta so. Kowane mai unguwa ya san gidan da tsohuwa ke kwana da yunwa, ya san gonar da aka shekara goma ba a raba ba. Dagaci da limamin gari suna da ikon da za su ce kada a wuce arba'in ba a kira masu rabo an auna gona a gaban kowa ba, mata suna zaune, a rubuta, ko da daga baya ƙanwa za ta ga dama ta bar wa yayanta ya noma bisa yarjejeniya. Limamin da ya yi huɗuba goma a kan haƙƙin iyaye, ya kamata a ji ya yi ko da uku a kan haƙƙin 'ya'ya, da na ƙanne mata, da na matar da aka mutu aka bari.